Ƙaramin Dogon Mai Agogo

Bagudo,
ranar Laraba.

Zuwa ga ɗiyata, Uwata.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Zariya lafiya, ba ciwon kai, ba tsautsayin hanya. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya haɗa ki da abokan zama na kirki, Ya nisanta ki da mugun ji da mugun gani. Amin.

Ba labarin gari zan ba ki ba, kin fi ni sanin abin da ke cikinsa. Akwai maganganun da na daɗe ina son in yi miki, amma duk ranar da na kira ki kika zo kika durƙusa, sai bakina ya yi nauyi, in ce ki kawo mini ruwa. Shi ya sa na ɗauki biro.

Kin tashi kina jin sunan da ake kirana da shi a kasuwa. Ba a cewa Umaru mai agogo sai an ga idona. A bayana Mai Dogo ake cewa, ana murmushi: mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana shimfiɗa wa jirgin gwangwani hanya a kan katako, a garin da jirgin ƙasa bai taɓa takowa ba, kuma ban ga alamar zai tako ina raye ba. Da aka ji kin samu gurbin karatun injiniya, mutane suna ta zuwa rumfata suna cewa gado kika yi. Ina amsawa da amin. In hannuna kika gada, na gode wa Allah. Halina nake tsoro. Don haka bari in faɗa miki abubuwan da na aikata, yadda suka faru, ba kwaskwarima.

Ina ɗan shekara ashirin da biyu, tun ban zauna teburin agogo ba, kawuna Ɗanjuma ya ɗauke ni rakiyar motar albasa. Muka bi ta Illo muka ƙetara Benin har Faraku. Ana sauke kaya na sulale na tafi tashar jirgi, domin ban taɓa ganinsa ba sai a littafin firamare. Na ga kan jirgin, na ji ƙararsa har cikin haƙarƙarina, amma ba shi ya kama ni ba. Wurin da layin dogo ɗaya yake rabewa biyu, nan na tsaya. Wani dattijo mai koɗaɗɗen kaki ya ja wani ƙarfe, na ji ƙwas, sai ga wannan ƙaton abu ya bar hanyar da yake kai ya bi wata, ba sitiyari, ba wanda ya juya shi.

Dattijon yana jin Hausa. Ya ce, "Samari, tun ɗazu kake tsaye. Zo ka gani da kyau."

Ya durƙusa a kan tsakuwa da tsufansa, ya nuna mini ƙarfen da aka fiƙe kamar harshe da inda yake mannewa. Sannan ya sa yatsansa a wata 'yar kafa da ke tsakanin bakin dogo da bakin dogo, ya yi dogon bayani, rabi Hausa rabi Faransanci. Ban kama komai ba. Leburori uku suna zaune a inuwa suna kallonmu, ɗayansu yana dariya, ban ma san ko da ni yake ba. Dattijon ya ɗago ya ce, "Ka gane?"

Na ce, "Na gane, Baba."

Ya ce to madalla, ya kakkaɓe gwiwarsa ya tafi. Da na ce ya maimaita da ya maimaita, don mutum ne mai son a tambaye shi, ana gani a fuskarsa. Kunyar leburori uku da ban sake haɗuwa da su ba har yau ta sa na baro ilimi a ƙasa na taho.

Uwata, za ki zauna aji ɗaya da 'ya'yan birni, waɗanda suka taɓa na'urorin da ke sai a hoto kika gani, kuma yawancinsu maza. Malami zai yi bayani da Turanci mai gudu ya ce an gane, kowa ya gyaɗa kai. Kada ki gyaɗa naki in ba ki gane ba. Za su yi dariya, za su kwaikwayi Hausarki ta Kabi, su ce 'yar ƙauye. Ki ƙyale su, ki ɗaga hannu ki ce a sake. In malamin ya ƙi, ki bi shi ofis da rana tsaka, ke da wata ƙawa, ki tambaya.

Na dawo gida na koyi agogo, na auri Innarki, amma abin nan bai sake ni ba. Ƙarfen tsohuwar laima na mayar dogo, na yanka 'yan katakai na jera a ƙarƙashinsa. Ƙafafun jirgin na fitar daga tagullar agogon bango, injinsa na rediyon kaset ne, jikinsa gwangwanin madara, batir a cikin tarago na farko. Ya yi tafiya kuwa, yana ta zagaye. Mararraba ce ta gagare ni. Shekara da shekaru ina gugar ƙarfe da magagari don in yi harshe irin na Faraku. In ya yi kauri ƙafa ta hau kansa, in ya yi siriri ya lanƙwashe.

A haka Jibo ya same ni. Kin san shi, Baba Jibo kike ce masa, shi ya ƙera miki 'yan kunnenki na farko. Cikin Dandawan ƙetare yake, ƙauyensu bayan Lolo, maƙerin azurfa ne da ke zuwa cin kasuwarmu. Agogonsa ya kawo gyara, ya tarar da ni ina fama. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Mai agogo, wahala kaka ba kanka. Babana ya yi aikin wani ɗan ƙaramin dogo na ɗaukar dutse yana saurayi. Ya ce su ba su fiƙe komai. Dogon ne gaba ɗai ka gusawa."

Ya zari tsinken tsintsiya shida ya jera a teburina. Biyu su ne dogon da ke tahowa. Ya ce a bar ƙarshensu kamar tsawon taƙi ɗaya ba a kafe ba, a ɗaure su da ɗan ƙarfe a giciye don kada faɗin tsakaninsu ya canza, a yanke bakinsu daidai, ba fiƙa. Sauran huɗun kafaffu ne a gabansu, biyu na hanyar dama, biyu na hagu. In ka tura ɗan ƙarfen nan, bakin biyun ya koma ya fuskanci na dama, in ka ja ya dawo na hagu. Ƙusa ɗaya a kowane gefe ta tsayar da shi kada ya zarce. Inda dogayen ciki suke gittawa kuma a fafe 'yar hanya don leɓen ƙafa ya samu wurin wucewa. Shi ke nan. Na zauna ina kallon tsinkayen nan kamar in yi kuka, don sauƙin abin.

Daga ranar duk kasuwa in ya tashi sai ya zo zaurenmu. Shi ke da liƙi da dalma, ni ke da awo. Ban taɓa jin daɗin duniya kamar a shekarun nan ba, kuma a cikinsu na yi wa Innarki abin da har yau ban iya kallon idonta sosai.

Kina 'yar shekara biyu aka yi ruwan da kogi ya hauro har unguwarmu. Ba bagatatan ya zo ba. Kwana uku maƙwabta suna kwashe kaya zuwa firamaren tudu. Innarki ta yi mini magana sau biyu. Na ce ruwa bai taɓa wuce tsamiyar bakin fadama ba. Gaskiyar ita ce ina kan fafe 'yar hanyar nan ta leɓen ƙafa, saura kaɗan ta fita, ban son a tashe ni. Da hantsin rana ta huɗu ruwa ya shigo tsakar gida. Na tashi a firgice, kuma wallahi ban yi tunani ba, hannuna ne ya zaɓa: na ɗora katakon dogo a kai na yi tudu da shi. Na ce a raina yanzu zan dawo.

Kafin in dawo bangon ɗakinta ya zauna. Gadonta, kwanukan da mahaifiyarta ta bar mata, buhunan shinkafar da za mu ci har kaka, duk suna ƙarƙashin laka. Na same ta a bakin zaure, ruwa har cinyarta, kina goye a bayanta kina ta tsala kuka, ta ɗora tukunya ɗaya a kai. Ta dube ni ta ce, "Malam, jirgin ya tsira?"

Na ce, "Ya tsira."

Ta ce, "To, alhamdu lillahi." Ta ratsa ta gefena ta wuce.

Ba ta yi yaji ba, ba ta kai ƙarata wurin kowa ba. Ta ci gaba da dafa mini abinci, tana gaishe ni safe da yamma. Amma matar da na aura mai yawan dariya ce, mai tsokana, har waƙa take yi in tana daka. Ke ba ki san wannan matar ba, don daga ranar ban sake ganinta ba. Kin tashi a gida mai shiru kina zaton haka Allah Ya yi Innarki. Ni na mayar da ita haka. Katakon da na ceto kuwa ya sha laima ya murɗe, bayan wata biyu na jefar da shi da hannuna.

Aikin hannu yana da daɗin da ke ɗauke hankali, kin riga kin ɗanɗana. Ki lura da kanki. Ranar da kika ji sallamar mutum ta ba ki haushi don kina tsakiyar aiki, ki ajiye abin da ke hannunki ki tashi ki amsa. In wanda kuke zaune tare ya faɗa miki magana sau biyu, kada ki bari sai ya yi ta uku, don wani ba ya yin ta uku. Kuma ki riƙa kiran Innarki a waya ko ba ki da abin faɗa. Ke kaɗai take sakin jiki da ke.

Muka sake wani katakon, gara ta ci. Muka yi na uku, babba, mai mararraba biyu da 'yar tasha. A kansa muka fara samun saɓani da Jibo. Shi yana son a bar 'yar kafa tsakanin bakin dogon da ke motsi da bakin kafaffun. Ni kuwa na ƙi jininta, don jirgi in ya zo wurin sai ya yi ɗan tsalle ya yi ƙara, kuma a idona aikin bai yi tsaf ba. Mai agogo ne ni, na saba da abin da ke haɗuwa ba ko gashi a tsakani. Ya ce, "Bar mishi wurin miƙewa. Ƙarfe in ya ji zafi ƙaruwa shikai. Ni maƙeri ne, da wuta nika wuni." Na ce to, a baki.

Sai shugaban wata sakandare ya gayyace mu mu nuna jirgin a ranar baje kolin kimiyya, za a yi baƙi daga Birnin Kebbi. Ana gobe za a yi, ni kaɗai a zaure, na ɓanɓare dogayen na matso da su har suka haɗe, ban gaya wa Jibo ba. Da sanyin safiya na gwada, ya wuce sumul, ba ƙara. Na ji daɗi ƙwarai.

Zauren taron rufin kwano ne, baƙin kuma ba su iso ba sai bayan azahar. Katakon ya wuni yana gasuwa. Aka taru, ɗalibai har kan tagogi. Na kunna jirgi ya zagaya sau biyu ana tafi. Babban baƙon ya ce a nuna masa yadda yake sauya hanya. Na tura ƙarfen, ya ƙi. Na ƙara ƙarfi, ya gusa rabi ya cije, bai kai dama ba bai koma hagu ba, ga jirgi ya taho. Ya kife, ya gangaro daga tebur ya faɗi kan siminti, batura suka watse ƙarƙashin kujeru. Ɗalibai suka kwashe da dariya. A daidai lokacin na tuna yatsan dattijon nan na Faraku, na gane abin da yake nuna mini.

Baƙon mutumin kirki ne, bai yi dariya ba. Ya ce, "Malam, me ya faru?"

Uwata, ga abin da ubanki ya ce. Na ce, "Ranka ya daɗe, abokin aikina ne ya ɗaura wurin nan. Mutumin ƙetare ne, awonsu daban da namu."

Aka sake yin dariya, wannan karon har da malamai. Jibo yana tsaye kusa da ni cikin sabuwar rigar da ya ɗinka don ranar. Ya duƙa ya dubi bakin dogayen, ya ga abin da na yi. Ya ɗauko kan jirgin daga ƙasa, ya miƙe bututun hayaƙinsa da babban yatsa, ya sa mini a hannu ya ce, "Ga jirginka, Umaru." Bai taɓa kiran sunana haka ba. Ya fita.

Kin taɓa tambayata me ya sa Baba Jibo ya daina zuwa, na ce miki iyaka aka rufe. Ƙarya na yi miki. Ya daina zuwa tun kafin a rufe ta. Duk ranar kasuwa sai in ce mako mai zuwa zan je in ba shi haƙuri. Da aka rufe iyakar ma har wani sauƙi na ji, na samu abin fakewa, alhali babura suna bin hanyar daji safe da yamma, kowa ya sani. Damina biyu ina cewa mako mai zuwa. Rannan ƙanensa ya tsaya gaban rumfata ya yi sallama, ya ce Jibo ya kwanta kwana biyar, Allah Ya yi masa rasuwa, har an yi bakwai.

Ranar na samu babur ɗin da na ce babu. Kafin la'asar ina ƙauyensu. Bayan an yi addu'a ƙanen ya shiga gida ya fito da wani gwangwanin alewa ya miƙo mini. Ƙafafun jirgi ne na tagulla guda takwas, an goge su suna ƙyalli. Ya ce, "Cewa ya yi naka sun cinye, in ka zo a ba ka. Ya daɗe da gama su."

Na roƙi Allah gafara, ina kan roƙo. Amma kin yi karatu, kin san haƙƙin mutum sai shi ya yafe, shi kuwa yana ƙasa. Wannan ba ta da gyara, da ita zan tashi. A aikin da za ki shiga, in abu ya lalace ba gwangwanin madara ne zai faɗo ba, rayukan mutane ne. Za a taru a tambayi wa ya yi, kuma kullum akwai wani a kusa wanda ya fi ki rauni, baƙo ko lebura ko wanda bai iya Turanci ba, wanda in kin nuna shi za a yarda. Ki ce ni ce. Ki faɗa da wuri, kafin tsoro ya samo miki wata maganar. In kuma kin ɓata wa wani, ki je a ranar, ko da ƙafa.

Saura naki. Shi ya fi yi mini wuyar rubutawa, na kwana biyu takardar tana ajiye a nan wurin.

Bayan rasuwar Jibo na rufe katakon da tsohuwar tabarma a zaure, ban ƙara taɓa shi ba. Sana'ar ma ta mutu, kowa a waya yake duba lokaci, na koma gyaran tocila da fanka. Wata Asabar cikin bazara, kina shekara goma sha biyar, na taso kasuwa da wuri don ba ciniki. Tun daga waje na ji ƙarar da na sani. Na shigo na same ki a durƙushe, magagarina a gefenki, katin waya a hannunki. Kin goge bakin kowane dogo, kin auna kafar da kaurin katin. Jirgin ya zo ya bi dama, ya zagayo kika ja ƙarfen ya bi hagu, a cikin wannan zafin da ko kare ba ya fita. Kika ɗago kina murmushi kika ce, "Baba, duba! Matsewa yake yi in rana ta yi. Malamin kimiyya ya ce ƙarfe na ƙaruwa da zafi."

Na ce, "Wa yab ba ki izinin taɓa mini kaya?" Na buge hannunki har katin ya faɗi.

Ba ki yi kuka ba. Kika kashe jirgin, kika mayar da tabarmar yadda take, kika shiga gida. Na san kin daɗe kina neman laifin da kika yi. Ba ki yi laifi ba. Maganar Jibo ce na ji ta fito daga bakinki, kuma abin da ya gagare ni tun kafin a haife ki kika gama shi tsakanin azahar da la'asar. Kunya da hassada suka taso mini tare. I, hassada, uba ga ɗiyarsa. Ban san ana yi ba sai da na ji ta a ƙirjina.

Ban tsaya nan ba. Mako na zagayowa na ɗauki katakon na kai rumfa. Mutane suka taru, jirgi yana sauya hanya ba ya faɗuwa, ana cewa kai, Mai Dogo dai ya ci nasara. Ina cewa ai haƙuri ne. Kin wuto daga Islamiyya ke da ƙawayenki, kin tsaya a bayan mutane kin ji ni. Na gan ki, na kawar da kai.

To ga shi na rubuta da hannuna: ke kika gyara mararrabar nan, ba ni ba. Juma'ar da ta wuce na faɗa a majalisarmu ta ƙofar masallaci. Suka ce Allah Ya yi mata albarka, suka ci gaba da zancen takin zamani. Sun ɗauka yabon uba ne kawai don za ki tafi. Na makara, ba wanda abin ya dama yanzu. Ki yafe mini in kin iya. In ba ki iya yanzu ba, ba zan ga laifinki ba.

Inda za ki, za ki haɗu da irina da yawa, masu manyan riguna. Duk abin da kika zana ko kika ƙera, ki rubuta sunanki a jiki tun kafin ki nuna wa kowa. Kada kunya ta sa ki yi shiru in wani ya ɗauka ya ce nasa ne, ko da ya girme ki. Ki faɗa da ladabi, amma ki faɗa. Ranar da Allah Ya ɗaga ki kuma, wani na ƙasa da ke ya gano abin da ya shige miki duhu, za ki ji wani abu ya taso miki. Na san shi. Ki haɗiye, ki kira sunan mutumin a gaban jama'a.

Akwai wata magana kuma, ki karanta ta a zaune. Tafiyar da na yi Birnin Kebbi watan jiya ba kayan gyara na je saye ba, asibitin ido na je. Shekara uku ke nan gefe-gefen ganina yana rufewa. Na ce gajiya ce, na riƙa sayen maganin ɗigawa a kemis, don ina tsoron abin da likita zai ce. Ya ce hawan jinin ido ne. Na hagu ya tafi. Na dama saura kamar mai leƙe ta kafar makulli. Ya ba ni magani ya ce zai rage masa gudu, amma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya tambaye ni tun yaushe na fara ji, na faɗa masa, sai ya ajiye bironsa. Ke dai in kin ji wani abu a jikinki, ki je asibitin makaranta a makon, kada ki tsaya shawara da tsoro.

Ban gaya miki ba don na san ki, da kin kwance kayanki. Ranar Litinin bayan la'asar na samu Innarki tana tsintar shinkafa, na zauna na faɗa mata. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na sani tun damina. Ina ganin yadda kaka laluben buta."

Na ce, "Mi ya hana ki magana?"

Ta ce, "Kai mi ya hana ka?"

Can ta ce, "Kada ka faɗa mata sai ta sauka. Rubuta, ni zan sa mata a ƙasan akwati." Sai a lokacin na lura na yi watanni ban yi tuntuɓe da komai a tsakar gida ba. Turmi, kujera, bokiti, duk an kawar da su daga hanyata tsakanin ɗaki da zaure, ban san ranar da aka fara ba. Ban cancanci wannan daga gare ta ba.

Yanzu ki ji umurnina, don ban taɓa ba ki wani mai nauyinsa ba. Kada ki dawo saboda ni. Ko an kira ki an ce idon ya rufe gaba ɗaya, ki zauna ki rubuta jarrabawarki. Dawowarki ba za ta buɗe shi ba, sai dai ta ƙara mini wani abin da na lalata. Na dubi shekaruna hamsin da bakwai ban ga abin da na gama ba. Ke kaɗai ce ban kai ga ɓatawa ba, shi ma ba don ban gwada ba.

Katakon yana zaure, naki ne. In kin ga dama ki ba wata makaranta, in kin ga dama Innarki ta hura wuta da shi, ba zan ji komai ba.

In an yi hutu kin zo, ki yi sallama da ƙarfi tun daga ƙofar gida. Kada ki durƙusa daga nesa yadda kika saba. Ki matso kusa, ta hannun dama, inda haske yake. Wataƙila in samu in ga fuskarki.

Allah Ya tsare mini ke a makaranta da kan hanya, zuwa da dawowa. Ya kare ki daga masu tare hanya da masu mugun nufi, Ya ba ki lafiyar jiki da ta ido, Ya buɗe miki abin da kika je nema, Ya sa ki fi ubanki hali. Ki riƙe sallarki a kan lokaci. Innarki tana gaishe ki, ta ce yajin yana cikin jar leda, kada ki bar shi a buɗe. Allah Ya yi miki albarka duniya da lahira. Amin.

Wassalam.

Mahaifinki,
Umaru mai agogo.